Meliyoyidoz: cutar da ke kwance cikin lakar fadamunmu, amma babu ita a rajistar asibitocinmu

A garin Kutiyala da ke kudancin Mali, yankin da aka fi sani da noman auduga, akwai sashen kula da yara a asibitin gwamnati wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa shekara da shekaru. Sashen yana da wani abu da galibin asibitocin Sahel ba su da shi: ɗakin gwaji inda ake ɗibar jinin yaron da zazzaɓi ya galabaita, a zuba a kwalba, a ajiye cikin ɗumi na ƴan kwanaki har ƙwayar cutar da ke ciki ta tsiro, a gane ko wace ce. Mu kira wannan aiki shukar jini. Da masu bincike suka koma kan ƙwayoyin da ɗakin ya adana tsakanin 2018 da 2021, sai suka tarar da wadda ba a yi tsammani ba, Burkholderia pseudomallei, mai haddasa cutar meliyoyidoz. An same ta a jinin yara kimanin 30, galibinsu ƙanana ƙwarai, kuma fiye da rabinsu sun rasu.

Kafin wannan, abin da aka rubuta game da cutar a duk faɗin Afirka bai wuce ɗaiɗaikun marasa lafiya ba, wani a nan, wani a can, tsakaninsu shekaru. Shi ya sa littattafan da ake koyar da ɗalibanmu na likita suke ambaton ta a layi biyu, a matsayin cutar Asiya da Ostireliya, su wuce. Tambayar da ta tsaya mini a rai tun da na karanta labarin ita ce: Kutiyala ce ke da cutar, ko kuwa Kutiyala ce ke da ɗakin gwaji?

Ƙwayar da ba ta buƙatar kowa

Bakteriya ce da ke zaune cikin ƙasa da ruwan da ya kwanta, musamman laka mai riƙe danshi irin ta fadama. Ba ta buƙatar jikin mutum ko na dabba kafin ta rayu. Da rani takan lafe can ƙasa inda danshi bai ƙare ba, idan damana ta kankama ruwa ya taso, sai ta hauro tare da shi. Juriyarta ta kai ga masu bincike a Tailan sun ajiye ta cikin tataccen ruwa, ba abincin komai a ciki, bayan shekara 16 suka tarar tana da rai.

Tana shiga jiki ta faso ko ɗan ƙaramin rauni a ƙafa ko hannu, irin wanda manomi ba ya ko kulawa da shi. Tana shiga ta numfashi idan iska mai ƙarfi ta zo da ruwan sama ta tayar da feshin laka. Tana kuma shiga ta shan ruwan da ba a tafasa ba, ba a sa masa magani ba. Da wuya ta bi daga mutum zuwa mutum, saboda haka ba za ta taɓa zama irin kwalara ba, wadda ke kayar da unguwa guda cikin mako har gwamnati ta kafa tantuna. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, kuma wannan na cikin abin da ke ɓoye ta.

A 1911 ne wani likitan Ingila, Alfred Whitmore, da mataimakinsa C. S. Krishnaswami suka fara gano ta a birnin Rangun na ƙasar Bama, shi ya sa littattafan Faransanci ke kiran ƙwayar bacille de Whitmore. A yau inda aka fi sanin ta shi ne arewa maso gabashin Tailan, ƙasar manoman shinkafa, inda ta zama ta uku cikin cututtuka masu kisa da ake ɗauka, bayan sida da tarin fuka. A can kusan 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna mutuwa. A birnin Darwin na arewacin Ostireliya, inda kowane likita ya san ta kuma magani yana kusa, adadin ya sauka zuwa kusan 10 cikin 100. Ƙwayar ɗaya ce. Bambancin yana ga saurin ganewa da abin da ake da shi a hannu.

Mayankar Yamai, 1973

Mai karatu na iya cewa to mu ina ruwanmu da Tailan. A 1973 wata mujallar likitanci ta Faransa ta buga rahoton likitocin dabbobi da suka ciro wannan ƙwaya daga ƙurajen da suka gani a jikin aladu a mayankar Yamai. Binciken da ya biyo baya ya nuna alamunta a Nijar da kuma Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau. Kada maganar alade ta sa mu kau da kai mu ce ai ba abincinmu ba ne. Aladen daga ƙasar da yake tono yake ɗaukar ta, kuma akuya da tunkiya su ma suna kamuwa. Abin da rahoton ya tabbatar shi ne ƙwayar tana cikin ƙasar yankinmu tun sama da shekara 50 da suka wuce.

Daga nan sai maganar ta yi shiru a wajenmu, tana ta ɓullowa a wasu wurare. Asibitocin Turai sun gano cutar a jikin matafiyan da suka dawo daga Najeriya da Gambiya. Masu bincike a Lambarene ta ƙasar Gabon sun same ta a jinin mara lafiya da kuma cikin ƙasa. An same ta a ƙasar Gana. A 2023 aka buga binciken da ya ciro ta daga ƙasar gonakin shinkafa a kudancin Najeriya. Abin takaici ne a ce baƙon da ya yi mako uku a ƙasarmu za a gane cutarsa a Landan ko Madrid, amma wanda aka haifa kan wannan ƙasa, yake taka ta ba takalmi kullum, zai mutu da sunan wata cutar daban.

A 2016 wata tawagar masana ƙarƙashin Direk Limmathurotsakul, ɗan Tailan, ta haɗa bayanan irin ƙasa, ruwan sama da yanayin zafi na duniya duka, ta yi kiyasin inda ƙwayar za ta iya rayuwa da yawan mutanen da take kamawa. Sakamakon: kimanin mutum 165,000 a shekara, 89,000 daga ciki suna mutuwa, adadin da ya yi kusa da na baƙon dauro a lokacin. Kiyasin ya bai wa Afirka kudu da Sahara kimanin 24,000, Najeriya ita kaɗai sama da 13,000. Ya kuma ce akwai ƙasashe 34 da mai yiwuwa cutar tana cikinsu alhali ba su taɓa ba da rahoton ko mutum ɗaya ba. Kiyasi ne, ba ƙidaya ba, kuma mutane da yawa sun ɗauke shi lissafin kwamfuta kawai. Yaran Kutiyala ne suka sa dole a sake duba shi.

Yadda take bi ta gabanmu

A 2024, shekarar da ambaliya ta sa aka ɗage komawa makarantu a Nijar zuwa 28 ga Oktoba saboda waɗanda ruwa ya raba da gidajensu suna cikin azuzuwa, wata ɗalibata ta dawo aji babu uba. Mutum ne mai ƙwadago a gandarin shinkafa, yana kuma da ciwon sukari. Zazzaɓi ya kama shi da tari, aka yi gwajin masassarar cizon sauro aka ba shi magani. Bai ji sauƙi ba, aka ce tayifod ce, aka koma allura. Kwana 9 ya rasu. Ba na cewa meliyoyidoz ce ta kashe shi. Abin da nake cewa shi ne babu wani mataki a duk hanyar da ya bi, daga gidan likita na unguwa zuwa gadon da ya cika a kai, da aka tanada don a gano ta in da ita ce.

Likitoci na yi wa cutar laƙabi da mai kwaikwayo, domin ba ta da fuska ɗaya. Kusan rabin masu ita da ciwon huhu suke zuwa, wani ya yi tsanani cikin kwana biyu, wani ya ja watanni da tari da rama da gumin dare, har hoton ƙirji ya yi kama da na tarin fuka. Wasu takan tara musu mugunya a hanta, ko saifa, ko mafitsara, ko gaɓoɓi. Wasu gyambo ne kawai da ya ƙi warkewa. A Tailan da Kambodiya an san ta da kumbura wa yara gefen kumatu. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwo yakan ɗauki kwana 1 zuwa 21, amma a wasu ƙalilan takan kwanta shekaru sai jiki ya yi rauni ta tashi, kamar yadda aka gani ga wasu sojojin Amurka bayan yaƙin Biyetnam.

Yanzu a ɗora wannan kan yadda ake karɓar mai zazzaɓi a yankinmu. Gwajin gaggawa na masassara shi ne na farko, kuma daidai ne, domin masassara ce ta fi kashe mu. Sai dai da damana yara da yawa gwajin zai nuna suna da ita ko da wata cutar ce ta kwantar da su, kuma da zarar layi biyu sun fito, bincike ya ƙare. Idan zazzaɓi ya ƙi sauka, sai a koma gwajin Widal na tayifod, wanda likitoci da kansu suka san yana yawan yin ƙarya. Idan tari ya daɗe, sai a nemi tarin fuka a majina, in ba a samu ba wani lokaci a fara maganinsa duk da haka, wata 6.

Babbar matsalar ita ce magungunan da aka saba fara bayarwa ga mai zazzaɓi mai tsanani ba sa aiki a kan wannan ƙwaya. Penisilin da ampisilin ba sa taɓa ta. Jantamisin, wanda ake haɗawa da ampisilin ga jarirai da yara, ba ya taɓa ta. Seftiriyakzon, allurar da ta zama ruwan dare a asibitocinmu har masu jinya sun haddace sunanta, ba abin dogaro ba ce a nan. Wato likita zai iya bin ƙa'idar da aka koya masa daidai, ba sakaci ba ganganci, mara lafiya ya mutu a hannunsa.

Ko a inda ake shukar jini, tana iya kuɓucewa. A kan farantin gwaji tana kama da ƴan uwanta na gidan Pseudomonas, waɗanda ma'aikatan ɗakin gwaji suka saba ɗauka a matsayin dattin da ya faɗo daga waje, sai a zubar. Wasu na'urorin tantancewa ma sukan ba ta wani suna. Amma akwai dabara mai araha da ake amfani da ita a Asiya: a gwada ƙwayar da magunguna uku. Idan ta bijire wa jantamisin da kolistin, amma haɗin amoksisilin da asid kilabulanik ya hana ta tsiro, to a yi zargin ita ce. Akwai kuma wani abincin shuka na musamman da Ashdown ya haɗa a Ostireliya a 1979, wanda ke hana sauran ƙwayoyi tsirowa ya bar ta. Duk wannan ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. Yana buƙatar ma'aikacin da aka taɓa gaya wa cewa irin wannan ƙwaya tana nan.

Magani akwai, amma doguwar hanya ce

Jinyar mataki biyu ce. Na farko allura ce ta jijiya, seftazidim, sau uku ko huɗu a yini, aƙalla kwana 10 zuwa 14, kuma takan kai mako 4 zuwa 8 idan mugunya ta taru a ciki ko cutar ta shiga ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Ga wanda ya galabaita sosai akan yi amfani da meropenem. Gwajin da aka yi a Ubon Ratchathani na Tailan, aka buga a 1989, ya nuna seftazidim ya rage mutuwa daga 74 cikin 100 zuwa 37 cikin 100. Magani ɗaya ya raba adadin gida biyu.

Mataki na biyu shi ne wanda zai ba mutanenmu mamaki, domin maganin ba baƙo ba ne: kotirimoksazol, wanda kowa ya sani da sunan Bactrim. Ana shan shi wata 3 zuwa 6 don a kakkaɓe ragowar ƙwayar da ta ɓuya cikin jiki. Wanda ya ji sauƙi ya daina, cutar na iya dawowa. Wanda Bactrim bai karɓe shi ba, akwai haɗin amoksisilin da asid kilabulanik a madadinsa. A nan dole in ja kunne, domin na san halinmu: wannan ba izini ba ne ga mai zazzaɓi ya tare mai tallar magani a kasuwa ya sayi Bactrim. Shi kaɗai ba ya ceton wanda cutar ta shiga jininsa, kuma shan shi na watanni yana iya taɓa ƙoda ko ya fesa wa fata ƙuraje masu haɗari, sai da idon likita. Riga-kafi kuwa har yanzu babu wanda aka amince da shi.

Seftazidim yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, amma ba maganin da za ka tarar a CSI na ƙauye ba ne. Kuma allura sau uku a yini har mako biyu tana nufin kwanciya asibiti, da mai jinya, da abinci, da gonar da aka bari a tsakiyar damana. Ga iyalin da ke sayen kowace allura da kuɗin aljihu, wannan lissafi ne mai nauyi.

Me ya sa yanzu

Fiye da kashi uku cikin huɗu na masu kamuwa a ƙasashen da aka san cutar da damana suke kamuwa, kuma adadin yana tashi bayan ruwa mai yawa. A farkon 2025, bayan ambaliya a arewacin jihar Queensland ta Ostireliya, sama da mutum 200 suka kamu, sama da 30 suka mutu, a ƙasar da ba ta rasa likita ko magani ba. Mu kuwa damanar 2024 ta shafi mutum kimanin miliyan 1 da rabi a Nijar, kusan miliyan 2 a Chadi, ta cinye Yagoua a arewacin Kamaru, ta fasa madatsar Alau ta nutsar da Maiduguri ranar 10 ga Satumba. Miliyoyin mutane sun yi makonni suna tafiya cikin laka, suna kwashe ta daga ɗakunansu da hannu, suna shan ruwan rijiyoyin da ambaliya ta shiga. An ƙirga gidajen da suka rushe da dabbobin da suka mutu, an sa ido kan kwalara da masassara. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani bayan ruwa ya janye ba ya da gurbi a takardar rahoto.

Sannan ga manufar da duk gwamnatocin yankin suka rungume, wadda ni ma nake goyon baya: noman ban-ruwa don mu ci da kanmu. Gandayen shinkafa na ONAHA a gaɓar kogin Isa, daga Tilaberi zuwa Gaya, na SEMRY a Yagoua da Maga, na Office du Niger a Mali, na Kura da Kebbi a Najeriya, ga madatsar Kandaji da ake jira. Kowace sabuwar eka tana nufin ƙarin ƙafafu cikin laka, ba da damana kaɗai ba, har da rani. A Tailan, manomin shinkafa shi ne mara lafiyar farko a wannan cuta. Ban taɓa ganin an ambaci takalmin roba a jawabin buɗe wani gandari ba.

Na ukun shi ne ciwon sukari. Kusan rabin manyan da ke kamuwa da meliyoyidoz masu sukari ne, kuma haɗarinsu ya ninka na sauran mutane fiye da sau goma. Masu ciwon ƙoda, masu ciwon huhu na dindindin da masu shan giya da yawa suna biye. Ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari ta kiyasta manya miliyan 24 ne ke da shi a Afirka a 2021, fiye da rabinsu ba su ma sani ba. Ciwon da a da muke cewa na alhazan birni ne, yau yana ƙauye. Kutiyala ta ƙara mana wani rukuni da Asiya ba ta fi mayar da hankali a kai ba: ƙananan yara, a yankin da tamowa ke raunana jikinsu tun kafin wata cuta ta zo.

Hujjar masu cewa a bar maganar

Akwai ta, kuma ba ta banza ba ce. Masassara tana kashe dubban yara a Nijar kowace shekara, ga baƙon dauro, ga sanƙarau, ga mata masu mutuwa wurin haihuwa. Tun da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, kuɗin da ake da shi ma ya ragu. Ministan da zai zaɓa tsakanin gidan sauro da kwalaben shukar jini ba za a zarge shi ba in ya zaɓi gidan sauro. Akwai kuma haɗarin wuce gona da iri: idan tsoro ya sa aka fara ba kowane mai zazzaɓi seftazidim ko meropenem, cikin ƴan shekaru za mu ƙona magungunan da suka rage mana na ƙarshe, sauran ƙwayoyin cuta su saba da su.

Wasu kuma za su ce Sahel ya bushe, ƙwayar danshi take so. Gaskiya ne Agadas ba Gaya ba ce, kuma ba wanda ke tsammanin ta a rairayin Tenere. Sai dai an faɗi irin wannan magana game da leptospiroz, cutar da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata. An ɗauka ta ƙasashen ruwa ce, har sai da binciken da aka buga a 2015 ya same ta a jikin ɓerayen garaken ban-ruwa na cikin Yamai, inda ake noma latas da kabejin da muke saye kullum. Ƙasa busasshiya tana da wurare masu danshi, kuma a nan ne jama'a suka taru.

Amsata ga maganar kuɗi ita ce, ɗakin shukar jini ba na cuta ɗaya ba ne. Shi ne zai faɗa mana ko tayifod ɗin da ake ta rubutawa tayifod ce da gaske, wace ƙwaya ce ke kashe jarirai a satin farko, wane magani ne ya daina aiki. Shi ne kuma kariya daga rabon magunguna masu ƙarfi barkatai, domin wanda ya ga ƙwayar da idonsa ba ya harbi cikin duhu. Meliyoyidoz dai ita ce misalin da ya fi fito da ramin fili.

Suna a jerin OMS

A duniyar kiwon lafiya, cutar da ba ta cikin jeri ba ta da kasafi. Meliyoyidoz ba ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su na OMS, duk da kiraye-kirayen masana. Dalilin zagaye ne: ba a sa ta ba saboda ƙasashe ba su kawo alƙaluma ba, ƙasashe ba su kawo alƙaluma ba saboda ba wanda ya ba su kuɗin nema.

Mun ga abin da suna ke yi. Gyambon Buruli, wanda wata bakteriyar wuraren ruwa ke haddasawa a Benin, Gana, Kodebuwa da kwarin Nyong na Kamaru, a da sai fiɗa. Bayan OMS ta ɗauki maganarsa a 1998, yau ana warkar da shi da ƙwayoyi biyu, rifampisin da kilaritiromisin, na mako 8. Ciwon noma mai cin fuskar yara ya shiga jerin a Disamba 2023, kuma Najeriya ce ta jagoranci buƙatar, wato ƙasar yankinmu tana iya tura ƙofar ta buɗe.

Darasi mafi ɗaci shi ne na misetom, kumburin ƙafa mai huji-huji da ke tsiyayar da ƴan ƙwayoyi kamar tsabar gero, wanda makiyaya da manoman Sahel ke ɗauka daga sukar ƙaya. Iri biyu ne: wanda bakteriyar ƙasa ke haddasawa yana jin magani sosai, Bactrim da allurar amikasin, wanda funfuna ke haddasawa kuwa yana da taurin kai, sau da yawa yana kai ga yanke ƙafa. Banbance su aikin ɗakin gwaji ne. Ya shiga jerin OMS a 2016 albarkacin ƙoƙarin Farfesa Ahmed Fahal da cibiyarsa ta Khartum, wadda aka kafa a 1991, kuma kusan duk ilimin duniya kan cutar a nan ya taru. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aikin cibiyar a Khartum ya tsaya. Duk yankin ya jingina da gini ɗaya, ginin kuma ya faɗa tsakiyar fagen daga. Ɗakin gwajin Kutiyala shi ma guda ne, kuma da kuɗin ƙungiyar waje yake tafiya.

Ƙasashe uku na ƙawancen AES kowace tana da shaida a hannu: Mali tana da yaran Kutiyala, Nijar da Burkina Faso suna da rahotannin shekarun 1970. In ana maganar ƴancin kai a fannin lafiya, ga aikin da ba ya buƙatar jiran kowa. Cibiyar CERMES da jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram suna da masanan da za su iya haƙa ƙasar Saga, Say da Gaya da ta Jiratawa su duba. Ofishin ministan kiwon lafiya zai iya aika takarda shafi ɗaya ga duk ɗakin gwajin da ke shukar jini, cewa kada a ƙara zubar da ƙwayar da ta bijire wa jantamisin da kolistin sai an aika da ita an tantance. Manyan asibitocin jihohi za su iya ajiye seftazidim kaɗan a kulle, don wanda aka tabbatar ko aka yi wa zargi mai ƙarfi.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun mai gida. Mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda kada ya shiga laka ba takalmin roba, in akwai rauni a ƙafarsa ya wanke da sabulu ya rufe, in hadari ya taso da iska ya shiga ɗaki. Ruwan rijiyar da ambaliya ta taɓa a tafasa shi ko a sa masa Aquatabs, domin zafi da kulorin suna kashe ƙwayar. In kuma zazzaɓi ya wuce kwana uku ana kan magani bai sauka ba, mai jinya ya gaya wa likita abu biyu ko ba a tambaye shi ba: mara lafiyar a cikin ruwan shinkafa yake aiki, kuma yana da sukari. Sannan ya tambaya ko akwai inda za a shuka jininsa, ko da sai an kai kwalbar babban birnin jiha.